Baƙo da Gida: Tarken Sauyin Salon Zanen Uche Okeke

1.0 Gabatarwa

Duk Bahaushen da ya tashi a unguwannin Hausawa na Inugu ko Anaca ko Fatakwal ya san wata tambaya da ba ta rabuwa da wanda ya girma a baƙunta, wato ina ne gida, kuma me mutum zai yi da abin da ya tsinta a ƙasar da ta rene shi? Wannan maƙala za ta dubi rayuwar wani mai zane da ya fuskanci tambayar ta ɗaya ɓangaren. Shi ne Uche Okeke, Ibo ɗan asalin Nimo da ke Jihar Anambara ta yanzu, wanda ya tashi a Kafanchan, ya yi karatu a Zariya. An haife shi a 1933, ya rasu a 2016. Manufar maƙalar ita ce ta nuna cewa salonsa ya sauya sau uku, kuma kowane sauyi amsa ce ga waccan tambaya.

2.0 Zangon Farko: Koyi

Okeke ya fara da irin zanen da makarantun Turawa ke koyarwa, wato kwaikwayon abin da ido ya gani daidai-wa-daida, da lura da haske da inuwa. Da wannan guzuri ya shiga Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Zariya, wadda daga baya ta zama harsashin Jami'ar Ahmadu Bello. Malaman sashen zane a lokacin galibinsu Turawan Ingila ne, manhajar ma ta can ce. A 1958 shi da abokansa, irin su Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Aƙidar da Okeke ya tsara mata a 1960 ita ce abin da ya kira Natural Synthesis da Turanci, ma'ana mai zane ya riƙe dabarun da ya koya daga Turai, amma ya koma ga gadon mutanensa ya haɗa su, haɗin da babu tilas a cikinsa.

Abin lura a wannan zango shi ne idonsa bai rufe ga Arewa ba. Zanensa mai suna Jumaa, na 1961, Musulmin Arewa ya ɗauko a ranar Juma'a. Wato a nan yana kallon maƙwabtansa ne da idon wanda ya zauna da su.

3.0 Zango na Biyu: Komawa ga Layi

Masu iya magana kan ce kome nisan jifa ƙasa zai faɗo. Gadon da Okeke ya koma gare shi shi ne uli, zanen da matan Ibo ke yi a jikinsu da bangon ɗakuna, kusan yadda matanmu ke zanen lalle. Mahaifiyarsa ta iya shi, kuma a wurinta ya nemi ƙarin sani. Ƙarfin uli yana ga layi: siriri, mai lanƙwasa, mai barin fili tsakaninsa da ɗan'uwansa.

A zanen Ana Mmuo na 1961, wato ƙasar matattu, ana ganin sauyin ƙarara. Babu sauran kwaikwayon jikin mutum. Baƙaƙen layuka ne ke yawo a kan ja da rawaya da fari, suna nuni ga ruhohi ba tare da sun siffanta su ba. Jerin zanen tawada da ya yi a 1962 mai suna Oja Suite ya ƙara tsananta wannan taƙaitawa, har layi ɗaya kan ɗauki nauyin fuska ko tsiro. A ganin mai wannan maƙala, nan ne ƙololuwar aikinsa. Dalili kuwa shi ne bai kwashi alamomin uli ya liƙa su a matsayin ado ba. Hikimar da ke bayansu ya ɗauka, wato faɗin abu mai yawa da layi kaɗan, kamar yadda karin magana ke yi a harshe. Abin mamaki, sai da ya yi nisa da Nimo, a Zariya da Legas da Munik ta Jamus, sannan ya gane darajar abin da ke bangon gidansu.

4.0 Zango na Uku: Tarihi da Karantarwa

Bayan dawowarsa daga Jamus ya zauna a Inugu, garin da a shekarun 1950 ya zaɓi ɗan Arewa, Malam Umaru Altine, ya zama magajin garinsa na farko. Wannan zamantakewa ba ta ɗore ba. Kashe-kashen 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 sun raba dubban iyalai da garuruwan da suka tashi a ciki, Ibo daga Arewa, Hausawa daga Gabas. Tun kafin haka jigonsa ya fara karkata ga tarihi, kamar zanensa na 1965 a kan boren matan Aba na 1929. Rikicin ya ƙara masa jigon 'yan gudun hijira.

Da yaƙi ya ƙare ya shugabanci sashen zane na Jami'ar Nsukka, inda uli ya zama ginshiƙin karatu. Daga cikin waɗanda suka fito daga wannan makaranta akwai Obiora Udechukwu, haifaffen Anaca, wanda shi ma ya fara karatu a Zariya kafin rikicin 1966 ya mayar da shi Gabas. A wannan zango malami ya rinjayi mai zane, kuma ra'ayinsa ya koma ga raya al'adar da yaƙi ya jikkata.

5.0 Naƙasu

Duk da wannan nasara, akwai abubuwa biyu da ya kamata mai tarke ya faɗa. Na farko, uli fasahar mata ce, amma da ta hau takarda ta shiga gidajen adana kayan tarihi, sunayen 'yan boko, galibi maza, ta ɗauka, yawancin matan da suka raya ta kuwa ba a san sunansu ba. Na biyu, abin da ya fara a matsayin 'yanci yana iya zama ƙa'ida idan ya shiga manhaja. Ɗalibin da ya cika takarda da lanƙwasassun layuka don kawai an ce haka ake yi, bai bambanta da wanda ke kwaikwayon Bature ba.

6.0 Kammalawa

Darasin Okeke bai tsaya ga Ibo ba. A Zariyar da ya yi karatu akwai Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, akwai zanen bangon gidaje, akwai aska takwas a wuyan riga, akwai zayyanar allo. Matashin da ke zane a Anaca ko Fatakwal yana da abin da Okeke ya samu, wato nisan da ke sa mutum ya ga gida da sabon ido. Abin da ya rage masa shi ne ya nemi hikimar da ke ƙarƙashin dagi, ba hotonsa kawai ba, kuma in ya koyo daga magini ko maɗinki ko mai lalle, ya ambaci sunansa.