Amanar Hoton Jarida

Tun da aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin 1939, abin da ya sa Bahaushe ya yarda da jarida shi ne kyakkyawan zaton cewa duk abin da aka buga an tantance shi, balle hoto, wanda jama'a suke ɗauka shaidar ido, domin gani ya kori ji. To, a wannan zamani da mai kwamfuta yake iya ƙara hayaƙi bisa kasuwar da ba ta ƙone ba, ko ya mayar da taron mutum goma na ɗari, amanar nan ta yi rauni, kuma mu mazauna Agege, da muke cuɗanya da maƙwabtanmu Yarbawa dare da rana, mun fi kowa sanin illar haka.

Duk wanda ya ga fitinar Hausawa da Yarbawa ta Idi-Araba a 2002, ko ta kasuwar Mile 12 a 2016, ya san saurin jita-jita. Yau kuwa hoto guda, idan ya faɗa wayar mahauta a mayankar Oko-Oba da hantsi, kafin azahar ya isa Kano, an rufe shaguna, iyaye suna bugo waya suna cewa a dawo gida.

Malaman hadisi sun kafa ƙa'ida tun tuni, cewa marawaicin da aka kama da ƙaga hadisi sau ɗaya, ruwayarsa duka ta faɗi. Irin hukuncin nan kamfanin dillancin labarai na Reuters ya zartar a 2006, lokacin da aka gane mai ɗaukar masa hoto, Adnan Hajj, ya ƙara hayaƙi a hoton Beirut: aka rabu da shi, aka janye hotunansa 920, har da waɗanda babu aibi a cikinsu.

A ganina, gyara haske domin a ga fuska sosai halas ne, haka nan rufe fuskar mamaci ko ta yaro saboda sutura, muddin an bayyana wa mai karatu an yi hakan. Amma ƙara abin da bai faru ba, ko share abin da ya faru, ko liƙa wa tsohon hoto sabon labari, shaidar zur ce, ko da niyyar mai yi alheri ce. Editan da ya yi sassauci a nan, ranar da ya buga hoton gaskiya na zaluncin da aka yi wa talaka, azzalumi zai ce haɗi ne, kuma mutane su gaskata shi.