"Kan jirgi" ko "goshin jirgi"?

Wani ɗalibi ya turo mini fassarar da ya yi ta labarin Ever Given, wai in duba masa. Kun dai tuna jirgin, katafaren nan mai tsawon mita 400 da ya gitta a mashigin Suwez na ƙasar Masar ranar 23 ga Maris, 2021, ya toshe hanya kwana shida. Fassarar ta yi kyau, amma jimla ɗaya ta tsayar da ni: "Ma'aikata sun yi ta kwashe yashin da ke kan jirgin."

To, kai mai karatu, me ka gani a ranka? Na san yashi ka gani jibge bisa jirgi, ana kwasa da shebur ana zubarwa. Ba haka aka yi ba. Ɓangaren gaba na jirgin ne ya nutse cikin gaɓar gabas, aka yi ta haƙe yashin da ya riƙe shi. Ɗalibin nan kai yake nufi, irin na mutum ko na dabba, sai jimlar ta kai mu wani wuri daban.

Laifin ba nasa ne duka ba. "Kan" ɗin da ke cikin "kan rago" da wanda ke cikin "kan tebur" asalinsu ɗaya, wato "kai" da aka liƙa wa -n ta nasaba. Furucinsu ma ɗaya ne, ba kamar "kan" na "yakan zo" ba, wanda karin sautinsa ya bambanta. A wurin rago ba a ruɗewa. Amma jirgi abu ne da ake hawa, don haka duk Bahaushen da ya ji "kan jirgi", bisansa zai fara kawowa.

Wani zai ce a sa "gaban jirgi" mana. Nan ma da sauran gyara. In ka ce "akwai yashi a gaban jirgi", ka nuna wurin da jirgin ya dosa ne, ba jikinsa ba.

Kalmar da ta dace ita ce goshi. Ba ta da wani aiki na nuna wuri irin na "kan" da "gaban", saboda haka da ka ce "goshin jirgi" an san sashen jikinsa kake nufi. Kuma dama Hausa ta saba aron goshi ga abin da ke fara isowa: goshin azumi, goshin magariba, goshin kaka. Jirgi ma da goshinsa yake fara keta ruwa, da shi yake fara isa gaɓa, ko na Suwez ne ko kwalekwalen Yawuri. Sai na gyara masa: "Ma'aikata sun yi ta haƙe yashin da ya riƙe goshin jirgin."

Akwai wani ɗan ƙari. Manyan jiragen dakon kaya suna da wani dunƙulallen ƙarfe da ya turo daga ƙasan goshi, cikin ruwa, aikinsa rage turjiyar igiyar ruwa don a rage shan mai. Shi ne ya soki gaɓar. Ni dai "hancin jirgi" nake kiransa, tunda a ƙasan goshi yake kuma ya fi shi tsini. Wannan shawarata ce kawai, ba doka ba.

Ɗaya gefen ya fi ba ni wahala. "Bayan jirgi" ciwonsa ɗaya da "gaban jirgi", "gindin jirgi" kuwa ƙasansa yake nunawa, kamar gindin bishiya. Kuma labarin yana buƙatar kalmar, domin ranar 29 ga Maris wancan gefen ne ya fara kuɓuta da safe, goshin bai saki ba sai da rana. Na bar masa "ƙeyar jirgi" na wucin gadi. Masu sana'ar fito da masunta da ke wannan shafi, me kuke ce masa a bakin ruwa?