Muryar Ɗanƙwairo da Makarantar da Ta Haife Ta

Mutanen Italiya suna da wani wasan kwaikwayo da ake rera shi tun daga farko har ƙarshe, wanda suke kira opera, kuma sun karkasa muryoyin maza gida-gida: siririya, matsakaiciya, da mai kauri ta can ƙasa. Tito Gobbi, wanda aka haifa a 1913 ya rasu a 1984, gwanin matsakaiciyar ne. Ba zaƙin murya kaɗai ya ɗaukaka shi ba. Ya iya sanya hali a cikinta, yadda mai sauraro zai gane azzalumi ko uba mai baƙin ciki ko da ya rufe ido. Su can suna da makarantu da malaman murya. Mu namu mawaƙan a ina aka horar da su?

Rayuwar Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun ta ba da amsa. An haife shi a ƙasar Bakura a farkon ƙarni na 20, a gidan kiɗa. Mahaifinsa Usman Ɗankwanda makaɗin noma ne kafin ya shiga fada. Musa ya tashi yana bin sa gonaki yana amshi, bayan haka ya zauna ƙarƙashin yayansa Abdu Kurna, yana riƙe da muƙamin Daudun Kiɗi. Ya yi shekaru masu yawa a bayan wani kafin ya ja tasa ƙungiyar, ya waƙe Sardauna Ahmadu Bello, da 'Yandoton Tsafe, da Sarkin Daura Muhammadu Bashar. Ya rasu a 1991.

A ganina sirrin muryarsa yana cikin waɗancan shekarun na amshi. Wanda ke waƙa a fagen gayya ba shi da lasifika. Dole muryarsa ta kai ga mai garma da ke can ƙarshen kunya, ta ratsa ƙarar ganga da ihun 'yan kallo, ta kuma jure tun hantsi har la'asar. Nan ake koyon ajiye numfashi. Nan ake koyon faɗuwa daidai kan sara, domin in waƙa ta saɓa wa bugun garma, manoma za su sassauta, kowa kuma zai san laifin wane ne. Ɗan amshi yana kallon bakin jagora, ya san inda zai ja da inda zai saki, har jikinsa ya haddace abin da ba a rubuta ba.

Saurari kowace waƙarsa ta kotso za ka ji amfanin wannan. Ɗanƙwairo ba ya ƙarasa ɗan waƙa shi kaɗai. Yakan ɗauko zance ya kai shi rabi, yaransa su cafe su ƙarasa, wani lokaci ya bar su su yi ta karɓeɓeniya, sannan a koma gindin waƙa tare. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi dogon aiki wajen fayyace waɗannan hanyoyi, irin su ƙari da rakiya. Jagoran da bai taɓa zama ɗan amshi ba ba zai iya wannan sakin ba, don bai san nauyin abin da yake miƙawa ba. Mamman Shata ya bi wata hanya da kalangunsa: amshi gajere da ba ya sauyawa, shi kuma ya ɗauki kayan duka da muryarsa. Ina ƙaunar Shata, amma in ana maganar saƙar muryoyi, na Maradun ya fi.

Wannan ne ya sa halin da ƙasar Birnin Gwari ta shiga yake damuna ta wata fuskar da ba a cika magana a kanta ba. Randagi da ƙauyukan da ke gefen dajin Kamuku ƙasar noma ce, maƙwabciyar Zamfara, irin ƙasar da kiɗan noma ke rayuwa a cikinta. Shekarun da 'yan bindiga suka hana zuwa gonakin nesa sun taɓa gayya, domin ba mai tara samari da ganga a inda ake noma da faɗuwar gaba. An yi lissafin rayuka da shanu da hatsi, kuma su ne a gaba. Amma yaron da ya kamata ya tashi yana amshi a bayan mahaifinsa, yanzu waƙar waya ya sani, wadda na'ura ta gyara wa murya a situdiyo. Na'ura tana daidaita sauti, ba ta koyar da numfashi.

A ƙarshen 2024 an sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan sulhu, manoma da dama sun koma gona. Ina roƙon masarautar Birnin Gwari da sarakunan noma na Randagi da kewaye su nemo tsofaffin makaɗan noma da suka rage, su dawo da su fage, su sa yara a bayansu. Sashen harsunan Afirka na Jami'ar Ahmadu Bello kuma ya tura ɗalibai su naɗi muryoyinsu tun suna raye.