Lauyan Talaka: Wani Giɓi a Ƙagaggun Labaranmu

Duk wanda ya nazarci ƙagaggun labaranmu na farko, tun daga Ruwan Bagaja (1934) har zuwa Magana Jari Ce, zai tarar shari'a ta cika su: ga alƙali, ga mai ƙara, ga wanda wayonsa ya fisshe shi. Lauya kuwa babu. Ba mu ga laifin Abubakar Imam ba, domin a zamanin En'e doka ba ta yarda lauya ya tsaya gaban alƙali ba. Ƙorafinmu a kan marubutan baya yake. In lauya ya leƙo labarinsu, galibi ɗan koren mai kuɗi ne, sai ka ce marubucin ya ji sunan ya tuna da lauya magana, ya tsaya nan.

Alhali kuwa ga kayan labari jibge. Mu ɗauki Madakiya, kusa da Kafanchan, cikin ƙaramar hukumar Zangon Kataf. Bayan rikicin Zangon Kataf na 1992, kotun musamman ta Mai Shari'a Benedict Okadigbo ta yanke wa Manjo-Janar Zamani Lekwot da wasu hukuncin kisa a 1993, ba tare da damar ɗaukaka ƙara ba. Lauyoyinsu, ciki har da Cif G.O.K. Ajayi, sun janye tun kafin hukunci. Daga baya aka mayar da kisan ɗauri. A ɗaya ɓangaren kuma ga iyalan waɗanda aka kashe, masu jiran nasu haƙƙin.

Ɗalibin lauya daga wannan yanki, in yana da niyyar tsaya wa marasa ƙarfi, ba a lacca kaɗai yake sanin wannan ba. A hira yake ji, a ofishin tsohon lauya bayan an tashi aiki, inda ake gaya masa abin da littafi ya tsallake: wa zai biya kuɗin mota zuwa kotun Kaduna, da yadda dangi ke kallon mutum in ya kare ɗan wata ƙabila. A ganinmu wannan hira kanta adabi ce, tana da jigo, da tauraro, da salon jan hankali.

Sai dai aikin yana da tarko. Marubucin da ya mayar da lauyan nan waliyyi ya ɓata shi, daidai da wanda ya mayar da shi ɓarawo. Wanda muke nema shi ne saurayin da ya baro Kongo da kwalinsa, uwa na jiran albashi, ga kuma tsohuwar da aka ƙwace wa gona zaune bakin ƙofa, ba ta da abin biya sai kaza.