Gatarin Aradu da Dutsen Zagami: Abin da Garma Take Tonowa a Kudancin Katsina

Duk wanda ya taɓa bin bayan shanun huɗa a ƙasar Funtuwa ko Malumfashi ya san ƙarar da garma take yi idan ta ci karo da abu mai tauri. Manomi ya tsayar da shanu, ya sunkuya, ya sa hannu. Sau tari tsakuwa ce ko guntun marmara, sai ya wurga bakin iyaka ya ci gaba da aikinsa. Wata rana kuwa abin yakan tsaya masa a rai. Ya goge shi da gefen riga, ya jujjuya, ya jefa a aljihu, da yamma a fito da shi a dandali ya bi hannu-hannu, kowa na faɗin albarkacin bakinsa. A Ingila da Amurka akwai mutanen da suka ɗauki neman irin waɗannan abubuwa sha'awa, suna fita takanas da 'yar guduma su bi gaɓar teku da ramukan fasa dutse. A nan noma ne ke kawo tsintuwa. Amma al'adar duba baƙon abu da raɗa masa suna tsohuwa ce a wurinmu, kuma tana da idon da ya fi ƙarfin a raina shi.

Kakana na wajen uwa, a wani ƙauye na ƙasar Bakori, yana da wani dutse da yake ajiyewa cikin 'yar jakar fata. Baƙi ne mai ratsin kore, bai fi tafin hannun yaro ba, gefe ɗaya a wase, jikinsa sumul kamar an shafa masa mai. Ranar da ya fara ɗora mini shi a hannu na ce, "Kaka, wa ya sassaƙa wannan?" Ya ce, "Ba wanda ya sassaƙa shi, jikalle. Gatarin aradu ne, tsawa ce ta jefo shi." Bayan wani ruwa mai ƙarfi ya tsince shi, ya kuma yi imani gidan da yake ciki tsawa ba ta faɗa masa. Mutanen da suke rantsuwa da aradu ba za su ɗauki gatarinta da wasa ba.

Abin da ya kamata a lura da shi a nan shi ne yawan gaskiyar da ke cikin wannan suna. Sun gane gatari ne. Sun gane babu dutsen da ke fitowa da irin wannan siffa don kansa. Sun lura cewa bayan ruwa mai tsawa ake ganinsa, kuma haka ne, don zaizaya ce ke yaye ƙasar da ta rufe shi. Wuri ɗaya suka kauce, wato kan wanda ya yi shi: hannun mutum ne, na mutanen da suka sare daji kafin a san ƙarfe, waɗanda suka yi ta goga dutse a kan dutse har ya yi kaifi. Ba mu kaɗai muka yi wannan kuskure ba. Yarbawa sun danganta irin wannan gatari ga Sango, Turawa ma sun yi ɗaruruwan shekaru suna kiransa dutsen tsawa, har sai da wani likita a fadar Fafaroma, Michele Mercati, wanda ya rasu a 1593, ya rubuta cewa da yawa daga cikin irin waɗannan duwatsu makaman mutanen dā ne.

Inda kuwa ƙwaƙwalwar jama'a ba ta yanke ba, sunan yakan zo daidai. Baƙin dunƙule mai nauyi, mai ƙuraje da ramuka kamar ƙonannen tuwo, tsofaffi sun san kashin maƙera ne, ragowar narkar da tama, don iyayensu sun tarar ana yi. Idan suka ga tsingaro barjat da dutsen niƙa mai zurfin ciki, sai su ce kufai ne. Abin baƙin ciki, samari masu waya ne yanzu suka fi ruɗewa da kashin maƙera, su ɗauki hotonsa suna cewa daga sama ya faɗo. Dutsen da ya faɗo daga sama kusan ba ya zuwa da ramukan kumfa. Sabo-sabonsa yana da siririyar baƙar fata kamar an babbake shi, wani lokaci da lotsattsun wurare kamar shatin yatsa a jikin yumɓu, kuma galibinsu suna kama maganaɗisu.

Su kuwa ƙasusuwan halittun dā da suka zama dutse, mai nemansu a wannan yanki zai daɗe bai samu ba, dalilin kuma yana ƙarƙashin ƙafarsa. Ƙasar Funtuwa da Malumfashi da Ƙanƙara da Faskari tana zaune ne a kan tsohon ginshiƙin dutse: pā da duwatsun da suka narke suka daskare a can ƙarƙashin ƙasa kimanin shekaru miliyan 600 da suka wuce, da waɗansu masu ɓawo-ɓawo da zafi da matsi suka murɗe, irin waɗanda masana suka raɗa wa jerinsu sunan Malumfashi. Ƙashi ko ganye ba ya tsira a cikin irin wannan tanderu. Akan fasa dutse a ga zane baƙi mai rassa kamar ganyen tsamiya, a yi zaton tsiro ne, alhali ma'adini ne ya bi tsagar dutsen ya bushe.

Sai an nausa yamma, ƙasar Sakkwato, labari yake sauyawa. Teku ta taɓa kwanciya a can, ta bar laka da farar ƙasa jeri a kan jeri. Farar ƙasar Kalambaina, wadda ake yin siminti da ita, cike take da ɓawon dodon koɗi da kawa na teku, a lakar Dange kuma akan tsinci haƙoran kifaye. A ƙasar Goronyo aka samu ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren ruwa wanda masani W. E. Swinton ya fara bayaninsa a 1930, masanan Italiya kuma suka ba shi suna Goronyosaurus a 1972. A Nijar abin ya fi haka. Masani Philippe Taquet ya isa Gadufawa a tsakiyar shekarun 1960, daga nan aka fito da kakan ƙadangare Ouranosaurus da ƙaton kada Sarcosuchus, wanda duk mai shiga gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai zai gani. Lokacin da masani Paul Sereno ya raɗa wa wani kakan ƙadangare suna Jobaria a 1999, daga Jobar ya ɗauko, wata halitta ta labaran Abzinawa, don makiyayan wurin sun riga kowa sanin ƙasusuwan, suna da nasu bayani a kansu. Can ma mai tsintuwa yana da suna ga abin kafin masani ya iso.

Ƙasar da ba ta ba mu ƙashin kakan ƙadangare ba, ita ce ta karɓi abin da ya fi shi wuyar samu. Ranar 3 ga Oktoba, 1962, ana shirin kaka, wani manomi kusa da dutsen Zagami, a ɓangaren Faskari, yana gonarsa yana korar ɓarna daga hatsi. Kamar yadda aka rubuta labarin, sai ya ji wata ƙara mai firgitarwa, iska ta buge shi, ya ga hayaƙi, abu ya faɗo kamar ƙafa goma daga inda yake tsaye, ya nutse cikin rami mai zurfin kamar ƙafa biyu. Da aka tono, dutse ne guda mai nauyin kusan kilo 18. Aka kai shi ofishin binciken ƙasa da ma'adinai a Kaduna, ya zauna a can shekara da shekaru.

Daga baya aka gane daga duniyar Mars ya zo. A 1976 kumbunan Viking na Amurka sun sauka a Mars sun auna iskarta. Da aka binciki 'yan ƙurajen gilashi da zafin karo ya haifar a cikin dutsen Zagami, sai aka tarar da iska a kulle wadda ta yi daidai da waccan, aka buga sakamakon a 1995. Dutsen aman wuta ne da ya daskare kimanin shekaru miliyan 180 da suka wuce. Wani karo ya ɓalle shi daga Mars, ya yi ta yawo a sarari kusan shekaru miliyan 3 kafin ya sauka a gonar Bakatsine. Irinsa ba ya kama maganaɗisu sosai, cikinsa kuma toka-toka ne kamar dutsen gini. Da a ce cikin dare ya faɗo, aka tarar da shi bayan damina goma fatarsa ta goge, da wuya ya tsira daga bakin iyaka. Shaidar manomin nan, mai rana da wuri, ita ta sa aka ɗauke shi da muhimmanci, kuma saboda ita yake ɗauke da sunan wurin har yau. A ƙarshen shekarun 1980 wani Ba'amurke mai fataucin duwatsun sama, Robert Haag, ya samu babban kaso daga cikinsa, aka yi ta yayyankawa ana sayarwa giram-giram. Ƙwaya ɗaya ma an sa ta a kumbon Mars Global Surveyor da aka harba a 1996. Litattafan masana kuwa "wani manomi" kawai suke kiran mutumin. Na tambayi ɗaliban sakandare a Funtuwa ko sun taɓa jin labarin, ba wanda ya ɗaga hannu, kuma wannan yana yi mini ciwo.

Kuɗi ya shigo cikin al'amarin, ya sauya tambayar da ake yi a dandali daga "mene ne wannan?" zuwa "nawa za a saya?" A shekarun 1990 an yi ta tonon mutum-mutumin yumɓu na dā a ƙasashen Nok da Katsina da Sakkwato ana fitar da su Turai, har majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa su a jerin kayan da ke cikin haɗari a 2000. A Yulin 2025 aka yi gwanjon wani dutsen Mars mai kusan kilo 25 a New York kan dala miliyan 5 da ɗoriya. A yankin Agadas aka tsince shi a 2023, gwamnatin Nijar kuma ta buɗe bincike kan yadda ya fita. Ba shi da sunan gari, lamba aka ba shi, NWA 16788. Ba na ganin laifin talakan da ya sayar da tsintuwarsa don ya sayi taki. Amma dillali ba ya tambayar zurfin rami ko abin da ke kwance kusa da abin, kuma mutum-mutumin da aka fizge daga kufansa ya rasa mafi yawan abin da zai iya gaya mana.

A nan ne raunin al'adarmu yake. Tana da ido, tana da sunaye, tana riƙe abu da daraja har jikoki, amma ba ta riƙe wuri da rana. Hoto ɗaya na abin yana kwance inda aka gan shi, da sunan gonar, da zurfin ƙasar, sun fi wanke shi da ruwan batir ko fasa shi don a ga ciki, wanda shi ne abin da aka fi yi. Masu iya tantancewa ba su da nisa: sassan nazarin ƙasa da na kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, tafiyar sa'a ɗaya da 'yan kai daga Funtuwa, da gidan tarihi na ƙasa a tsohon ginin Kwalejin Katsina, ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi da aka kafa a 1979. Sai dai manomi yana tsoron kada ya nuna abu a ƙwace masa gona, masanin kuma ba ya zuwa kasuwar Bakori ko Dandume ya zauna a rumfa ya ce a kawo masa abin da aka tsinta. Rashin tsaron da ya raba mutanen Faskari da Sabuwa da gonakinsu ya ƙara nisanta ɓangarorin biyu.

Gatarin kakana yana hannun innata yanzu, cikin kwalla, tare da tsofaffin sulalla. Da sallar da ta wuce na ce, "Inna, a wace gona Kaka ya tsince shi?" Ta yi shiru tana tunani, ta ce ko dai ta bakin rafi ko ta jigawa. Ta bakin rafin an sayar tun yana da rai, ta jigawar kuwa shekara huɗu ke nan ba wanda ya iya zuwa ya nome ta.