Jinin da Ya Kwana a Durowa: Sharhi a kan Fim ɗin L'Affaire SK1

Sau biyu na kalli L'Affaire SK1. Karon farko ni kaɗai a waya, cikin dare, sauti na yankewa. Karo na biyu mu bakwai ne a ɗakin wani abokinmu mai karatun shari'a, kwamfuta bisa kujera, mu bisa tabarma, shayi na kan gawayi. Da fim ya ƙare, tun sunayen ƴan wasa ba su gama hawa ba, wata daga cikinmu ta ce: "Wallahi da muna da ADN ɗin nan da an huta. Ba wanda za a kulle a banza." Kowa ya gyaɗa kai, har da ni. Sai da na koma gida na kwanta na lura cewa abin da fim ɗin ya nuna mana da idonmu daban, darasin da ya sa muka ɗauka daban. Abin da ya sa na ɗauki bik ke nan.

Ga wanda bai gani ba: fim ne na Faransa, na Frédéric Tellier, ya fito a watan Janairun 2015, kuma labarin gaskiya ne. Tsakanin 1991 da 1997 an kashe mata bakwai a birnin Paris, galibi a unguwannin gabas, da wuƙa, bayan an yi musu fyaɗe. Wanda ya aikata, Guy Georges, an kama shi ranar 26 ga Maris 1998 kusa da tashar metro ta Blanche, aka yanke masa ɗaurin rai da rai a watan Afrilun 2001. Fim ɗin yana tafiya da ƙafa biyu. Ɗaya tana bin wani matashin ɗan sanda da ake wa laƙabi da Charlie, wanda Raphaël Personnaz ya fito a matsayinsa, tun ranar da ya shiga sashen binciken kisan kai a gida mai lamba 36 na Quai des Orfèvres. Ɗayar tana cikin kotu tare da lauyar wanda ake tuhuma, Frédérique Pons, wadda Nathalie Baye ta hau matsayinta. SK1 kuwa suna ne da aka laƙaba wa wata shaidar ADN da ba a san mai ita ba, ma'ana mai kisan jere na ɗaya.

In faɗi abin yabo tukuna, don akwai shi. Mun saba da finafinan Amurka inda ɗan sanda ke ɗaukar gashi guda, ya sa a na'ura, kafin shayinsa ya huce hoton mai laifi ya bayyana a allo. Tellier bai yi mana wanga wasa ba. Ƴan sandansa suna zaune a ƴan ɗakuna masu ƙunci, dosiye kan dosiye, hayaƙin taba ya cika ko'ina, suna karanta takarda guda sau ashirin ko Allah zai sa su ga abin da ya kuɓuce musu. Suna bin sawun da ba ya kai wa ko'ina, su tsare mutum su matsa masa, daga baya su gane ba shi ba ne. Shekaru na wucewa, fuskar Charlie na tsufa. Wanda duk ya taɓa tsayawa a komisariya yana jiran a nemo takardarsa zai gane warin wurin nan, ko da na Paris ne. Adama Niane kuma, wanda ya rasu a 2023, ya yi wasan da ba zan manta ba: Guy Georges ɗinsa mutum ne mai sanyin murya, mai ladabi, irin wanda za ka ba wuri a benci ba tare da ka sake kallonsa ba. Tsoron yana nan.

To mene ne ADN ɗin, wanda masu Ingilishi ke kira DNA? Wani zare ne siriri da ke cikin ƙwayoyin jikin mutum, rabi daga uwa rabi daga uba, ana samunsa a jini, da yawu, da maniyyi, da saiwar gashi. Masu awo ba sa karanta zaren duka. Wasu wurare ƙalilan suke dubawa, inda wani guntun rubutu ke maimaita kansa, a wurin wane sau tara, a wurin wance sau goma sha huɗu. In aka haɗa lambobin wuraren sai su ba da jeri guda wanda da wuya wani ya yi tarayya da kai a cikinsa, in ba ɗan tagwayenka mai kama ɗaya ba. Alec Jeffreys ne ya buɗe wannan hanya a jami'ar Leicester ta Ingila a 1984. Abin da ya kamata a riƙe shi ne: jerin lambobin nan ba ya ɗauke da suna. Tamkar sawun ƙafa ne a rairayi. Sai an kawo ƙafa an ɗora sannan ya yi magana.

A nan ne labarin ya fi ciwo. Tun ƙarshen 1994 ƴan sanda suna da jerin lambobin SK1, daga ɗakin wata da aka kashe. A 1995 suka sake samunsa a wurare biyu. A wannan shekarar dai aka kama Guy Georges saboda ya kai wa wata mata hari, aka yanke masa wata 30. Yana kaso aka ɗebi jininsa, domin ana zarginsa da wasu kashe-kashe biyu da aka yi a wuraren ajiye motoci na ƙarƙashin ƙasa. Aka gwada da tabon da aka samu a wancan dosiye, bai dace ba, aka ajiye. Ba wanda ya ɗora shi kan SK1, saboda kisan cikin ɗakuna yana hannun wata tawaga da wani alƙali, na wurin motoci yana hannun wasu. Ya fito a watan Yunin 1997. Kafin shekarar ta ƙare ya kashe mata biyu. Sai da alƙali mai bincike Gilbert Thiel ya umurci ɗakunan awo su buɗe ajiyarsu su gwada ɗaya bayan ɗaya, sannan ɗakin awon Olivier Pascal da ke Nantes ya fito da sunan a watan Maris 1998. Jinin mutumin ya fi shekara biyu yana kwance a hannun hukuma.

Fim ɗin ya nuna wannan, ban ce ya ɓoye ba. Ƙorafina shi ne inda ya jingina laifin. Yadda aka tsara shi, mai kallo na fita da jumla guda a kansa: da Faransa na da rumbu ɗaya na ajiye ADN, kamar yadda Ingila ta buɗe nata tun 1995, da matan nan biyu suna raye. Gaskiya ne, amma rabin gaskiya. Abin da alƙali Thiel ya sa aka yi a 1998 ba ya bukatar sabuwar na'ura. Umurni ne da takarda, kuma ana iya yinsa tun 1995. Abin da ya hana shi ne kishi tsakanin tawagogi, kowa na rungume da dosiyensa kamar kaza da ƙwai. Ga kuma zanen fuskar da aka yi bisa bayanin matar da ta kuɓuta daga hannunsa, wanda ya sa aka daɗe ana neman Balaraben Arewacin Afirka, alhali mutumin ɗan wani baƙar fata ne sojan Amurka da wata Bafaransa. Ga shi kisan farko, na Janairun 1991, ya yi shi ne yana fursunan da ake bari ya fita da rana, yana cikin wa'adin wani fyaɗen. Duk waɗannan kurakuran mutane ne. Tellier ya taɓa su, amma da tausayi, don zuciyarsa na wurin ƴan sanda. Ya nuna su a matsayin bayin Allah da aiki ya yi wa yawa, kayan aiki suka yi wa kaɗan. Ko sau ɗaya bai zauna da mutanen da aka tsare bisa kuskure ba, mu ga yadda suka koma gida, da abin da maƙwabta suka ci gaba da faɗa a kansu.

Matan da aka kashe ma haka. Kyamara na daɗewa a kan gawarwakinsu, hoto bayan hoto, har ɗaya daga cikin ƴan matan da muka kalla tare ta juya fuskarta bango. Mun san yadda aka ɗaure kowace, yadda aka yanke tufafinta. Wace ce ita kafin daren nan, ba mu sani ba sai ɗan tsiri. Wataƙila wani ya ce ai haka ɗan sanda ke ganinsu. Na ji, amma shi mai fim ba ɗan sanda ba ne, zaɓi ya yi.

Bangaren kotu ne ya fi ba ni abin tunani, kuma shi ne abokaina suka fi saurin mantawa. Duk da ADN, shari'ar ba ta zo da sauƙi ba. Shaidar ta ɗaure shi da wasu daga cikin laifukan ne kawai, ba duka bakwai ba. Ya amsa wasu a hannun ƴan sanda, daga baya ya janye, ya shigo kotu a watan Maris 2001 yana cewa bai kashe kowa ba. Abin da ya karya shi ya faru ne a gaban jama'a: wata lauyar iyalan mamatan ta lura da yadda yake amfani da hannuwansa, ta yi masa tambaya a kan hannun da yake suka da shi, sai ya ɗaga dunƙulen hannu kamar mai riƙe da wuƙa kafin ya ankara. Bayan ƴan kwanaki, lauyansa da kansa ya tambaye shi suna bayan suna, ya amsa. Wato fim ɗin da aka sa wa sunan shaidar ADN, ƙololuwarsa ikirari ne da baki. ADN na iya cewa jikin wane ya taɓa wurin nan. Yaushe, ta yaya, da wace niyya, wannan aikin masu bincike ne da lauyoyi da alƙalai.

Kuma yana iya ɓatar da mutane. A Jamus an yi shekaru ana farautar wata mata da aka ga ADN ɗinta a wurare kusan 40, a Jamus da Ostiriya da Faransa, har da inda aka kashe wata ƴar sanda a garin Heilbronn a 2007. A 2009 aka gano babu wata mai kisa: ma'aikaciya ce a masana'antar da ke yin tsinken audugar da ƴan sanda ke shafo shaida da shi.

Akwai abin da ya biyo bayan SK1 wanda fim na 2015 ya isa ya sani. Dokar 17 ga Yuni 1998 ta kafa rumbun ADN na ƙasar Faransa, FNAEG, kuma da farko don masu laifin fyaɗe da makamantansu aka yi shi. A 2001 aka faɗaɗa. A 2003 aka sake faɗaɗawa har ya haɗa da ƙananan laifuka da mutanen da zargi kawai ake yi musu. Wanda ya ƙi yarda a shafi cikin kumatunsa yana iya shan shekara ɗaya a kaso da tarar Yuro 15,000, kusan miliyan 10 na sefa. Yau mutanen da ke cikin rumbun miliyoyi ne. A watan Yunin 2017 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta ba Faransa rashin gaskiya a ƙarar wani manomi ɗan ƙungiya daga yankin Basque, wanda aka hukunta don ya ƙi ba da ADN ɗinsa bayan wata hatsaniya da jandarmomi a wurin zanga-zanga. Ƙofar da aka buɗe don mai kisan mata bakwai, ga ta ta iso kan manomi mai zanga-zanga. Mu ɗalibai da muka san yadda rana ke iya ƙarewa in an fita maci, ya kamata wannan ya tsaya mana a rai.

Na koma wurin ƴar'uwar da ta yi maganar nan na faɗa mata duk wannan. Ta ce to me nake so, a bar masu kisa su yi ta yawo? A'a. Da za a kawo mana ɗakin awo mai kyau gobe, ni ne farkon mai murna, don shaidar nan ta wanke mutane da yawa. A shari'ar kisa ta farko da aka yi amfani da ita a Ingila a 1986, wani yaro ɗan shekara 17 ta fara kuɓutarwa, bayan ya riga ya amsa laifin da bai yi ba. Amma tsarin shari'armu daga na Faransa muka gaje shi, da alƙali mai bincikensa, da tsarewar farko a hannun ƴan sanda ko jandarma, kuma kusan kowa a cikinmu ya san wani da ya daɗe a kaso yana jiran a kira dosiyensa. Tambayoyin da na yi mata su ne: wa zai killace wurin da aka yi kisa kafin rabin unguwa ta shiga kallo? Wa zai rubuta hannu nawa kwalbar jinin ta bi kafin ta kai ɗakin awo? In lauyan talaka ya ce a sake gwaji, wa zai biya? Sunan wanda aka wanke, wa zai goge shi daga rumbun?

Ta yi shiru, sannan ta ce in ba ta fim ɗin ta sake kallo. Na tura mata, na ce ta lura da wurin da aka ɗebi jininsa a 1995, ta ƙirga minti nawa fim ɗin ya ƙara kafin wani ya tuna da shi.