Jinjina Ga Corvinul, 'Yan Garin Ƙarfe

Ƙananan ƙungiyoyin ƙwallon Romaniya sun cancanci yabo, musamman Corvinul ta Hunedoara, garin da ya yi suna wajen narka ƙarfe. Masana'antar ta durƙushe, ƙungiyar ma ta rushe, amma mutanen garin suka sake tayar da ita daga ƙananan rukunoni. A 2024, tana rukuni na biyu, ta kai wasan ƙarshe na Kofin Romaniya a Sibiu. Aka tashi 2-2 da Oțelul Galați, ita ma 'yar garin ƙarfe, sannan Corvinul ta ɗauke kofin a bugun fanareti. Ba su tsaya nan ba. A gasar Turai suka bi Paks har gida a Hungari, suka zazzaga mata 4-0. Aikinku ya yi kyau, 'yan Hunedoara!